Taskar hotunan 'yan ƙodagon gona a Laburaren Majalisar Amurka: abin da ke ciki da yadda ake tono shi

Laburaren Majalisar Dokokin Amurka da ke birnin Washington ya ɗora wata taskar hotuna a shafinsa na intanet, loc.gov, wadda duk mai son sanin irin wuyar da 'yan ƙodagon gona suka sha a lokacin karayar tattalin arzikin shekarun 1930 sai ya bi ta cikinta. Sunanta tarin FSA/OWI, daga gajerun sunayen hukumomin gwamnati biyu da aka ɗauki hotunan a ƙarƙashinsu. A ciki akwai nagatif (fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa) na baƙi-da-fari kimanin 175,000 da hotuna masu launi wajen 1,600, waɗanda aka ɗauka tsakanin 1935 da 1944. Kyauta ne, babu rajista, kuma da yake ma'aikatan gwamnati ne suka ɗauke su a bakin aikinsu, kusan kowane hoto laburaren ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa bai san da wani takunkumi a kan amfani da shi ba. Malami, ɗan jarida, ɗalibi, mai shirya fim, kowa na iya saukewa.

Taskar ta cancanci yabo, amma tana da hali. Talauci tana nuna shi tun a shafin farko. Wariya kuwa, wato yadda aka bambanta Baƙar fata da Bature da ɗan Meziko da ɗan Filifin alhali duk gona ɗaya suke yi wa bauta, sai wanda ya san inda zai tona ne zai gan ta. Dalilin haka yana cikin asalin taskar.

A 1935 gwamnatin Shugaba Roosevelt ta kafa hukumar sake tsugunar da manoma a ƙarƙashin Rexford Tugwell, shi kuma ya ɗauko Roy Stryker ya ba shi sashen hotuna. A 1937 hukumar ta koma FSA, wato hukumar tallafa wa ƙananan manoma, a 1942 aka mayar da sashen ƙarƙashin ofishin yaɗa labaran yaƙi, OWI, sannan a 1944 aka miƙa kayan ga laburaren. Aikin sashen shi ne samar wa jaridu da 'yan majalisa hotunan da za su sa a ci gaba da ba hukumar kuɗi. Masu ɗaukar hoton ƙwararru ne: Dorothea Lange, Walker Evans, Arthur Rothstein, Ben Shahn, Russell Lee, Marion Post Wolcott, Jack Delano, daga baya kuma Gordon Parks. Sun ɗauki abin da suka gani, da yawansu ma sun wuce abin da aka aike su. Amma hotunan da ofis ya fi turawa jaridu su ne na iyalan Turawa da fari da guguwar ƙura suka koro daga Oklahoma da Teksas da Akansas, saboda su ne masu karatu da 'yan majalisar jihohin kudancin Amurka za su tausaya wa. Su ne suka shahara, su ne kuma har yau suke fara fitowa idan aka yi bincike na sama-sama.

Kafin a buɗe shafin, akwai abubuwan da ya kamata a riƙe a kai, domin bayanin da ke ƙasan hoto layi ɗaya ne ko biyu, ba ya koyar da tarihi. A gonakin audugar Kudu ma'aikata hawa uku ne. Akwai ɗan haya mai alfadarinsa da garmarsa, wanda ke ba mai gona kashi ɗaya cikin huɗu na auduga da ɗaya cikin uku na masara. Akwai wanda ba shi da komai sai ƙarfinsa da na iyalinsa, mai gona ya ba shi fili da dabba da iri da ɗaki, a raba amfani biyu. Sai ɗan ƙodagon yini, wanda ake biya bisa nauyin abin da ya tsinka. Na tsakiyan nan yana cin bashin abinci a kantin mai gona tun daga shuka har girbi, littafin bashin kuma a hannun mai gona yake, shi ke rubutawa, shi ke sayar da audugar, shi ke faɗin abin da ya rage. Baƙar fata da ya nemi a nuna masa lissafi a Misisipi ta wancan zamani yana wasa da ransa ne. Da farashin auduga ya faɗo daga kusan senti 17 a kan laba a 1929 zuwa ƙasa da senti 6 a 1931, sai shekara ta riƙa ƙarewa da bashi ya fi rabon.

Sannan dokar daidaita noma ta 1933 ta zo. Gwamnati ta biya masu gona don su rage noma farashi ya tashi, aka bi da garma ta kan audugar da ta riga ta tsiro a eka wajen miliyan 10. Cek ɗin yana zuwa ne hannun mai fili. Da yawa suka riƙe kason masu yi musu noma, wasu suka sayi tarakta da kuɗin suka kori iyalan gaba ɗaya, suka riƙa ɗaukar su a matsayin 'yan yini idan lokacin tsinka ya yi. A kan haka ne dokokin kare ma'aikata guda uku suka fito, ta 'yancin ƙungiyar ƙodago da ta fansho a 1935, da ta mafi ƙarancin albashi a 1938 wadda ta fara da senti 25 a awa, dukansu kuma suka tsame 'yan ƙodagon gona da masu aikin gida. Dokokin ba su ambaci launin fata ba. Sai dai waɗannan sana'o'i biyu su ne na kusan kashi biyu cikin uku na Baƙaƙen ma'aikata a lokacin. Wanda ya san wannan, idan ya ga hoton tarakta tana huɗa har bakin ƙofar gidan da babu kowa a ciki, ya san abin da yake kallo.

Binciken shafin da Turanci kawai yake aiki, kuma kalmomin da ke cikin bayanan hotuna na shekarun 1930 ne. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Wanda ya rubuta sunan da ake kiran Baƙaƙen Amurka da shi a yau zai samu wasu hotuna ta hanyar kanun da ma'aikatan laburare suka ƙara daga baya, amma zai rasa da yawa. Dole a gwada kalmomin da masu hoton suka rubuta da hannunsu, irin su Negro da colored, ko da ba su da daɗin ji. Ga masu raba amfani a rubuta sharecropper, ga 'yan haya tenant, ga 'yan yini day laborer, ga 'yan ci-rani migrant ko migratory. Kalma ɗaya tak tana kawo dubban hotuna a cakuɗe, don haka a haɗa ta da sunan gari ko gunduma, ko sunan mai hoto da shekara. Kalmar Mexican tana da nata tarkon: ana liƙa ta ga wanda ya ƙetaro iyaka jiya da wanda kakanninsa a Teksas aka haife su, bayanin ba ya bambantawa.

Lambar da ke jikin kowane hoto ta fi akwatin bincike amfani, in an iya karanta ta. Wadda ta fara da LC-USF33 fim ne ƙarami mai milimita 35, kuma ƙarshenta yana ɗauke da M1 zuwa M5, wato matsayin hoton a cikin yankin fim mai hoto biyar. LC-USF34 manyan nagatif ne, harafin ƙarshe yana nuna girmansu, misali C na nufin inci 4 da 5. LC-USF35 masu launi ne. LC-USW kuma na zamanin ofishin yaƙi ne, inda aka koma ɗaukar masana'antu da gonaki masu albarka, don haka mai neman wahalar shekarun 1930 ba zai samu abin kirki a can ba. Amfanin lambar shi ne hotunan da aka ɗauka a wuri ɗaya galibi suna bin juna. Dubban hotuna ba su da bayani ko kaɗan, saboda ba a taɓa wanke su an sa musu take ba, kuma binciken kalma ba zai taɓa kawo su ba. Hanyar kai wa gare su ita ce a samu hoto ɗaya mai bayani, a shiga kundin sashen hotuna na laburaren, a danna mahaɗin duba maƙwabta bisa lamba, sannan a bi gaba da baya. A irin wannan bibiya ne ake ganin abin da ke gefen hoton da ya shahara: sikelin auna auduga, wakilin mai gona da littafinsa, layin masu jiran biya, ramin da ake ɗibar ruwan sha.

A cikin maƙwabtan nan za a riƙa cin karo da hotuna masu baƙin ɗigo zagayayye, wani a kan fuska, wani a sararin sama. Ba lalacewar fayil ba ne. Stryker ne yake huda nagatif ɗin da bai so da abin huda takarda, har zuwa wajen 1939 da ƙorafin masu hoton ya sa ya daina. Laburaren ya kyauta da ya ɗora su yadda suke, domin suna nuna abin da ofis ya ga bai dace a buga ba. Sai dai kada a yi saurin cewa duk hudar siyasa ce. Da yawa maimaici ne kawai, ko hoton ya yi duhu, ko hannu ya girgiza.

Akwai wuraren da taskar ta fi ƙarfi, kuma daga su ya kamata a fara. A Janairun 1939 masu raba amfani fiye da dubu ɗaya, yawancinsu Baƙaƙe tare da wasu Turawa, suka kwashe gadajensu da murhunsu da kajinsu suka zauna a gefen manyan hanyoyi masu lamba 60 da 61 a kudu maso gabashin Misuri, cikin sanyin hunturu, ƙarƙashin jagorancin wani fasto, Owen Whitfield. An ba su takardar tashi ne saboda masu gona sun ga mayar da su 'yan yini ya fi sauƙi a kan raba kuɗin gwamnati da su. Rothstein ya je ya ɗauke su. A rubuta evicted sharecroppers tare da New Madrid County, za a samu jerin. Cikin mako guda hukumomin jihar suka ce zaman barazana ne ga lafiyar jama'a, suka kwashe su daga inda matafiya ke ganinsu.

Hoton da Lange ta ɗauka kusa da Clarksdale a Misisipi a 1936 shi kaɗai darasi ne. Wani ƙaton Bature ya ɗora ƙafa a kan bamban motarsa a gaban kanti, a bayansa Baƙaƙen ma'aikata suna zaune a matakala sun yi shiru. An taɓa buga hoton a wani littafi an yanke ma'aikatan, ya rage mutumin shi kaɗai kamar wani jarumin manomi. A taskar cikakkensa yake. Wannan shi ne babban dalilin da zai sa a sauke daga laburaren kai tsaye a bar kwafin da ke yawo a Facebook da Pinterest. Sai kuma hotunan Wolcott na masu tsinkar kayan lambu a Belle Glade ta Florida, da wanda ta ɗauka a Belzoni a 1939 na mutumin da ke hawa matakalar da aka keɓe wa Baƙaƙe a gidan sinima, da na Gee's Bend a Alabama, da aikin Delano a gundumar Greene ta Jojiya a 1941, da na Lee a kan masu ɓarar gyaɗar pecan 'yan asalin Meziko a San Antonio.

Inda taskar ta gaza kuma ba ƙarami ba ne, kuma babu wani gargaɗi a shafin da ke faɗa wa baƙo. Ta fara ne a 1935, alhali mafi munin abubuwan sun riga sun faru. Tarzomar Watsonville a Kalifoniya ta Janairun 1930, inda gungun Turawa suka yi kwanaki suna farautar ma'aikatan Filifin har aka harbe Fermin Tobera, ba ta ciki. Samamen da aka kai dandalin La Placita a Los Angeles a Fabrairun 1931, da jiragen ƙasan da suka riƙa kwasar mutane zuwa Meziko, ba sa ciki, duk da cewa waɗanda aka tasa ƙeyarsu ko aka matsa musu suka tafi a shekarun nan sun kai ɗaruruwan dubbai, da yawansu kuma haihuwar Amurka ne. Jihar Kalifoniya sai a 2005 ta yi dokar neman afuwa. Haka yajin aikin masu tsinkar auduga na kwarin San Joaquin a Oktoban 1933, wanda akasarin masu yin sa 'yan Meziko ne: masu gona sun sa senti 60 a kan laba 100, ma'aikata sun nemi dala ɗaya, aka kashe mutum biyu a Pixley da ɗaya a Arvin, a ƙarshe aka tsaya a senti 75. Ƙwararren mai tsinka yana iya haɗa laba 200 a yini, ke nan ana zubar da jini ne a kan bambancin da bai kai dala ɗaya ba a yini. Kafa ƙungiyar masu noman haya ta Kudu a Tyronza ta Akansas a Yulin 1934, inda Turawa 11 da Baƙaƙe 7 suka zauna a ɗaki ɗaya suka yarda su yi ƙungiya guda, shi ma ya riga sashen hotuna.

Abin da wannan giɓi ke haifarwa shi ne mai kallo ya ɗauka gonakin Kalifoniya babu kowa a cikinsu sai da mutanen Oklahoma suka zo. Gaskiyar ita ce sun zo sun tarar da 'yan Meziko da 'yan Filifin, an kori wasu, sauran kuma aka yi amfani da yawan sababbin zuwa aka karya musu farashi. Lange ta ɗauki 'yan Filifin masu yankan latas a Salinas da 'yan Meziko a kwarin Imperial, a duƙe da fartanya mai gajeriyar ƙota wadda jihar ba ta haramta ba sai 1975, amma sai an neme su da suna. Su ma Turawan da suka zo ba su tsira ba. A Fabrairun 1936 shugaban 'yan sandan Los Angeles, James Davis, ya tura jami'ai 136 kan iyakokin jihar su mayar da duk wanda ba shi da kuɗi, kuma dokar da ta haramta shigo da matalauci cikin jihar ta ci gaba da aiki har Kotun Ƙoli ta soke ta a 1941.

An ce gani ya kori ji, amma a wannan taska bayanin ƙasan hoto yana buƙatar bincike kamar kowace shaida. Hoton da ya fi kowane shahara, mai lamba LC-USF34-009058-C, na wata uwa da 'ya'yanta a Nipomo ta Kalifoniya a Maris ɗin 1936, bayaninsa ya kira su matalautan masu tsinkar wake, ya ba da shekarunta 32, bai ba da suna ba. Sai a 1978 aka san cewa Florence Owens Thompson ce, 'yar ƙabilar Cherokee, kuma motarsu ce ta lalace suka tsaya a sansanin a kan hanyarsu ta neman aiki a gaba. Fuskar da duniya ta ɗauka a matsayin ta Baturiyar Oklahoma ta 'yar asalin ƙasar ce. An kuma goge babban yatsanta a kusurwar nagatif ɗin a 1939, ana iya ganin inuwarsa idan aka sauke babban fayil. Rothstein ma an kama shi a 1936 yana matsar da ƙoƙon kan wani mataccen bijimi daga wani wuri zuwa wani a Dakota ta Kudu, 'yan adawa suka yi ta yayata cewa hotunan fari na bogi ne. Yawancin mutanen da ke cikin taskar ba a rubuta sunayensu ba, kuma ba a biya su komai ba.

Mai son jin muryar mutanen da kansu ya nemi tarin Todd da Sonkin a shafin guda, wanda aka fi sani da Voices from the Dust Bowl. Malamai biyu ne daga New York, Charles Todd da Robert Sonkin, suka zagaya sansanonin 'yan ci-rani na hukumar FSA a Kalifoniya a 1940 da 1941 da na'urar yanka faifai, suka naɗo kimanin sa'o'i 18 na waƙoƙi da hira da tarukan majalisar sansani, a wurare kamar Arvin da Shafter da Visalia. Tarukan majalisar sun fi waƙoƙin amfani ga mai bincike, domin a nan ake jin rigimar yau da kullum ta mutanen da ke zaman tanti kusa da juna. Sautin yana da ƙarar faifai, karin harshen kuma yana wahalar da wanda Turancinsa na makaranta ne, ga shi ba kowane naɗi ke da rubutaccen kwafi ba. Nan ma galibi Turawa ne ke magana. Wanda ya fita dabam shi ne naɗin El Rio na 1941, inda ma'aikata 'yan asalin Meziko suka yi bayanin wariyar da ake nuna musu a makaranta da wurin aiki. Ɗan kaɗan ne, amma ya fi hotuna ɗari faɗin abin da kyamara ba ta iya ɗauka.

Shi kansa shafin laburaren bai da sauƙin yawo. Tsohon kundin hotuna da sabon shafin bincike suna zaune tare, hoto ɗaya yana iya fitowa da fuska biyu, kuma jerin sakamako ba ya bin tafiyar mai hoto. Maganin wannan shi ne Photogrammar, wani shafi da aka fara a Jami'ar Yale, yanzu kuma yana hannun Jami'ar Richmond. Ya ɗora hotunan a kan taswirar Amurka gunduma-gunduma, ana iya tace su da mai hoto da wata da shekara, kuma kowane hoto yana da mahaɗi zuwa asalinsa a laburaren. Taswirar tana nuna hotunan da aka san inda aka ɗauke su ne kaɗai, don haka gundumar da ta fito fayau ba lalle ba ne a ce ba a je ta ba, balle a ce babu talauci a cikinta.

Wajen saukewa ana samun ƙaramin JPEG, babban JPEG, da TIFF. Ga waya ko allon aji babban JPEG ya isa. TIFF yana iya kai megabait goma-goma, yana cinye data, amma shi ne kaɗai ke ba da damar karanta ƙananan rubuce-rubuce, kamar allon farashin tsinka da aka kafa a bakin gona, ko lambar motar da ke nuna jihar da iyali suka fito, ko sanarwar da ke ƙofar gidan abinci. Wasu fayilolin tsohon kwafi ne na shekarun 1990 marar kaifi, don haka a duba girman fayil kafin a tura wa maɗaba'a. Idan nagatif ɗin asali da kwafinsa duka suna nan, a ɗauki na asali.

Duk hoton da aka sauke, a ajiye abu huɗu tare da shi a take: lambarsa cikakkiya, sunan mai hoto, wata da shekara, da bayanin asali yadda aka rubuta shi ba tare da gyara ba. Sunan fayil ɗin da ke sauka jerin lambobi ne da haruffa dabam da lambar LC-USF, kuma bayan an tara hoto hamsin ba a iya tuna wane ne na Misuri wane ne na Akansas. Idan za a fassara bayanin zuwa Hausa, a ware abin da mai hoto ya rubuta daga abin da aka gano daga baya, a kuma faɗi cewa take irin na "mai yiwuwa yana da alaƙa da" hasashen ma'aikatan laburare ne bisa hoton da ke kusa da shi a lamba.